Uwar garken fina-finai ta gida

Uwar garken fina-finai ta gida kwamfuta ce, ko wata na'urar ajiya, da ake tara fina-finai da waƙoƙi da hotuna a cikinta domin talabijin da wayoyi da sauran na'urorin da ke cikin gidan su riƙa ɗauka suna nunawa ta hanyar sadarwar gida. Bambancinta da kafofin kallo irin su Netflix da YouTube shi ne, fim ɗin yana cikin gidan ne, kuma tafiyarsa daga inda aka ajiye shi zuwa talabijin ba ta wuce rautar gida ba, wato na'urar da ke haɗa na'urorin gidan da juna da kuma intanet, don haka kallon ba ya cin data. Wannan ne ya sa tsarin yake da amfani a wuraren da data ke da tsada ko intanet ba ta da ƙarfi. Tsarin ya ƙunshi faifan ajiya, da manhajar da ke rarraba fim, da hanyar sadarwa, da na'urar da ake kallo a kanta, kuma duk wanda ya gaza a cikinsu, alamar da mai kallo zai gani kusan iri ɗaya ce: hoto ya maƙale.

Tarihi da manhajoji

A shekarar 2003 kamfanin Sony ya jagoranci kafa wata ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki wadda daga baya aka san ta da DLNA, domin a samar da ƙa'ida ɗaya da talabijin zai bi ya gano fina-finan da ke cikin kwamfuta ba tare da an yi masa wani saiti ba. An rushe ƙungiyar a 2017, amma har yau talabijin da yawa suna ɗauke da wannan tsari. A ɗaya ɓangaren kuma, masu sha'awa ne suka rubuta wata manhaja mai suna XBMC domin na'urar wasa ta Xbox ta farko, sannan aka sauya wa manhajar suna zuwa Kodi a 2014. Daga cikinta Plex ta ɓalle a ƙarshen 2007, kuma ita ce ta yaɗa salon da aka saba da shi yanzu, inda manhaja ɗaya ke zaune a uwar garke tana tsara fina-finai da hotunansu da bayanansu, wata ƙarama kuma tana kan talabijin ko waya. Jellyfin ta fito ne a Disamban 2018 daga manhajar Emby, bayan da masu Emby suka rufe lambobin manhajarsu. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar a buɗe asusu a wajen wani kamfani.

Nauyin fim da faɗin hanya

Kusan duk matsalar kallo tana komawa ne ga lissafi ɗaya, wato yawan bayanan da fim ke buƙata a kowane sakan, da kuma yawan da hanya za ta iya ɗauka. Ana auna wannan da megabit a sakan. Bidiyon faifan DVD ba ya wuce megabit 9.8, na Blu-ray yana kaiwa 40, na Ultra HD Blu-ray kuma, wato mai ingancin 4K, yana iya kaiwa 100. Fina-finan da aka matse domin intanet sun fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin fim mai ingancin 1080p yakan tsaya tsakanin megabit 5 zuwa 10.

Akwai abin da ke rikita mutane a nan. Ana auna hanyar sadarwa da bit, amma ana auna fayil da bait, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Saboda haka hanyar da aka rubuta mata megabit 100 ba za ta kwashe fiye da megabait 12.5 a sakan ba. Bayan haka, nauyin fim ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wurin da mutum biyu ke zaune suna magana a ɗaki ba ya cin komai, amma da zarar an shiga ruwan sama ko yaƙi ko taron jama'a, nauyin kan ninka matsakaicinsa. Shi ya sa fim kan tafi lafiya na tsawon rabin awa, sannan ya cije a wuri guda duk lokacin da aka maimaita shi. Idan maƙalewar tana faruwa a wurare daban-daban kuwa, sai a fi zargin hanyar sadarwa.

Kebul da Wi-Fi

Kebul na Ethernet shi ne hanya mafi tabbas. Tsarin megabit 100 ya fito a 1995, na gigabit, wato megabit 1,000, kan kebul ɗin tagulla kuma a 1999, kuma kebul nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi 8, gigabit kuma yana buƙatar dukkansu, alhali megabit 100 na aiki da 4 kawai. Don haka idan waya ɗaya ta tsinke, ko ba a danne kan kebul ɗin da kyau ba, haɗin ba lallai ya yanke ba, sai dai ya sauka zuwa megabit 100 shiru, ba tare da wani gargaɗi ba. Wani abin mamaki shi ne talabijin da yawa, har masu tsada, kafar kebul ɗinsu ta megabit 100 ce, ta yadda fim mai nauyin gaske kan fi tafiya da kyau ta Wi-Fi mai ƙarfi a kan irin wannan talabijin.

Shi kuwa Wi-Fi, lambar da aka buga a jikin kwalin rauta ba ita ake samu ba. Abin da ke isa ga na'ura sau da yawa bai fi rabin saurin haɗin da take nunawa ba, kuma duk na'urorin gidan ne ke raba shi. Zangon gigahaz 2.4 yana tafiya nesa kuma yana ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga kuma Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da ke aiki a wannan zango. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, amma bango na rage masa ƙarfi sosai. A gidajen bulo da kankare da rodi, inda rauta ke falo talabijin kuma na can wani sashe bayan tsakar gida, jan kebul ɗaya ya fi sayen rauta mai tsada amfani. Na'urar ƙara nisan Wi-Fi mai rediyo ɗaya tana karɓa tana sake aikawa a tasha guda, don haka takan rage saurin da kusan rabi.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. Gwajin saurin intanet ba ya faɗin komai game da hanyar cikin gida, saboda haka masu gyara kan yi amfani da manhajar iperf3 su auna tsakanin uwar garke da na'urar kallo kai tsaye, ko kuma su kwafi babban fayil su duba lokacin da ya ɗauka. In an sa fim ɗin a filas aka cusa a talabijin ya tafi sumul, to fayil ɗin lafiyarsa lau, kuma talabijin ya iya karanta shi.

Juyar da bidiyo

Ba kowace maƙalewa ce daga hanya ba, kuma a nan ne aka fi ɗora wa Wi-Fi laifin da ba nasa ba. Fayil ɗin fim kamar jaka ne, irin MKV ko MP4, a cikinsa akwai bidiyo da sauti da rubutun fassara, kowanne da tsarin matsewarsa. H.264 na 2003 kusan kowace na'ura na karanta shi, H.265 na 2013 da AV1 na 2018 sun fi shi matsewa, amma tsofaffin talabijin ba su san su ba. Idan na'urar kallo ta gane duk abin da ke cikin jakar, uwar garke miƙawa kawai take yi, aikin da ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi za ta iya. Idan ba ta gane ba, Plex da Jellyfin da Emby sukan warware bidiyon su sake matse shi nan take yayin da ake kallo, kuma wannan aiki ne mai nauyi ƙwarai, musamman a kan fim na 4K. Alamarsa ita ce fankar kwamfuta ta hau ƙugi, injin sarrafawa ya cika, fim kuma ya riƙa tsayawa duk bayan 'yan sakanni.

Rubutun fassara kaɗai yana iya jawo wannan. Nau'in SRT rubutu ne zalla, amma nau'in PGS na faifan Blu-ray hotuna ne, kuma in talabijin bai iya ɗora su ba, sai uwar garke ta ƙona su cikin hoton, wanda ke tilasta juyar da fim ɗin gaba ɗaya. Haka kuma wasu manhajojin kallo suna zuwa da iyakar inganci a saitinsu, sai su nemi a rage fim ko da hanya a buɗe take. Magani shi ne a ɗaga wannan iyaka, ko a sa akwatin kallo da ya fi talabijin ɗin sanin tsare-tsare, ko kuma a yi amfani da injin da ke da sashen juyar da bidiyo na musamman, kamar Quick Sync da Intel ta fara sawa a 2011.

Wani lokacin kuma talabijin ne ba ya ganin uwar garken kwata-kwata. Yawanci ko dai na'urorin biyu ba a kan hanya ɗaya suke ba, kamar a ce ɗaya na kan layin baƙi na rauta, ko akwai rauta biyu a gidan kowace da nata jerin adireshi, ko kuma adireshin uwar garken ya sauya bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Ana kauce wa na ƙarshen ta hanyar keɓe mata adireshi na dindindin a saitin rauta. Tsofaffin akwatunan kallo kuma da yawa sun daina ganin fayilolin da aka raba daga Windows tun daga 2017, lokacin da Microsoft ta daina kunna tsohon tsarin raba fayiloli na SMB1 a sababbin Windows 10, shekarar da harin muguwar manhajar WannaCry ya bi ta raunin wannan tsari.

Zaɓen ma'ajiya

Saurin faifai ba kasafai yake zama matsala ba. Faifan ajiya mai juyawa na zamani yana karanta fiye da megabait 100 a sakan, alhali fim mafi nauyi bai kai megabait 20 ba, don haka faifai ɗaya mai juyi 5,400 a minti zai ciyar da talabijin da dama lokaci guda. Sayen SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, domin ajiye fina-finai ɓarnar kuɗi ce in ba ana gudun ƙara ko cin wuta ba. Inda yake da amfani shi ne ɗaukar manhajar kanta da kundin hotuna da bayanan fina-finai, waɗanda ƙananan fayiloli ne masu yawa.

Abin dubawa shi ne girma. Fim na awa biyu a megabit 8 yana cin kusan gigabait 7, a megabit 60 kuma gigabait 54, wato faifan terabait 4 zai ɗauki sama da 500 na farkon, amma bai fi 70 da 'yan kai na biyun ba. Kamfanoni suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024, shi ya sa faifan terabait 4 ke nuna kusan 3.63. Faifan da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, don haka sai a koma exFAT ko NTFS ko ext4.

Mafi sauƙin tsari shi ne faifan USB a jikin tsohuwar kwamfuta. Sama da shi akwai akwatin NAS, wato ma'ajiyar da ake jonawa da hanyar sadarwar gida, irin na Synology ko QNAP, wanda ke ɗaukar faifai biyu ko huɗu ko fiye, yana aiki dare da rana da wuta kaɗan, ko da yake masu arha daga cikinsu ba su da ƙarfin juyar da bidiyo. A irin wannan akwati ne ake haɗa faifai su yi aiki kamar guda ɗaya da tsarin RAID, sunan da masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka yaɗa a 1988. RAID 1 na rubuta abu ɗaya a faifai biyu. RAID 5 na jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 kuma biyu, ta yadda faifai huɗu masu terabait 4 za su ba da terabait 12 a RAID 5, 8 a RAID 6. Ga wannan aiki ana fifita faifai nau'in CMR a kan SMR, domin SMR na jera layukan rubutu suna ɗan hawa kan juna, abin da ke sa shi nauyin jiki idan aka daɗe ana rubutu, kamar lokacin sake gina RAID. Batun ya fito fili a 2020, lokacin da aka gano cewa wasu faifan WD Red da ake sayarwa domin NAS na SMR ne.

RAID ba kwafin ajiya ba ne. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ya tafi daga dukkan faifan a lokaci guda, haka kuma in tsawa ko wuta mai ƙarfi ta ƙone akwatin. Fim ɗin da za a iya sake samu ba lallai a kashe masa kuɗin kwafi ba, amma bidiyon biki da na suna da hotunan iyali suna buƙatar ƙa'idar da aka sani da 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gidan.

Wuta, zafi da ƙura

Ɗaukewar wuta yayin da ake rubutu tana iya lalata fayil ko ma tsarin faifan, kuma yawan kunnuwa da mutuwa na gajiyar da shi. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda ake yawo tsakanin wutar gari da janareta da sola, UPS, wato akwatin batir da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, ko inbata na cikin ainihin kayan haɗa uwar garke, kuma yawancin akwatunan NAS suna iya karɓar saƙo daga UPS ta USB su kashe kansu cikin tsari kafin batir ya ƙare. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma suna da tasiri, domin ƙura na toshe fanka, akwatin da aka kulle cikin kabad kuma ba ya samun iska. Faifan zamani suna da tsarin S.M.A.R.T. da ke bayar da rahoton zafinsu da yawan gurɓatattun sassan da suka sauya, kuma idan wannan adadi ya fara hawa, ana kwashe bayanan ne a sauya faifan tun yana karantuwa.