Sauya BIOS don buɗe abubuwan da aka ɓoye a babban allon kwamfuta

Sauya BIOS shi ne a taɓa manhajar da ke zaune cikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara a Yamai da Tawa ke kira kart-mer, don a fito da wani zaɓi da kamfani ya ɓoye, ko a koya wa allon karɓar kayan da bai zo da saninsu ba. Aikin ba ya ƙara wa na'ura ko waya ɗaya. Abin da furosesa da cifset (ƙwayar da ke haɗa furosesa da sauran kayan allo) ba su iya ba, babu BIOS ɗin da zai sa su iya shi. Abin da suka iya amma aka rufe masa ƙofa, shi ake buɗewa.

Ɓoyon yana da dalili. Kamfanoni irin su Dell, HP, Lenovo da ASUS ba sa rubuta BIOS daga tushe, sayo ta suke yi daga AMI, Insyde ko Phoenix, kuma takan zo da ɗaruruwan zaɓuɓɓuka. Sai kamfanin ya bar kaɗan a fili ya lulluɓe sauran, don rage koke-koken masu saye, ko don a bambanta na'ura mai araha da mai tsada. Sunan BIOS ya fara fitowa ne a manhajar CP/M ta Gary Kildall a 1975, ya yaɗu da kwamfutar IBM ta 1981. Wadda ke cikin na'urorin yau UEFI ce, tsarin da Intel ta fara da sunan EFI kafin a kafa ƙungiyar kula da shi a 2005, amma a kasuwa har gobe BIOS ake cewa.

Inda take zaune

BIOS tana cikin wata ƙaramar ƙwayar ajiya mai ƙafa takwas, pus a bakin masu gyara, galibi ta Winbond, Macronix ko GigaDevice. Lambar da ke bayanta tana faɗin girmanta da megabit, don haka sai an raba da takwas: W25Q64 megabait 8 ce, W25Q128 kuma 16. Yawancinsu da volt 3.3 suke aiki, amma akwai masu volt 1.8, irin su W25Q64FW, a kwamfutocin cinya na baya-bayan nan. Wasu na'urorin pus biyu gare su. ThinkPad X230 da T430 suna da mai megabait 8 da mai 4, su biyun ne suka haɗu suka zama ajiya ɗaya mai megabait 12.

A allon Intel, abin da ke cikin pus ɗin kashi-kashi ne. Kilobait 4 na farko su ne jadawalin da ke faɗin iyakar kowane kashi da wanda aka yarda ya karanta ko ya rubuta shi. Sai kashin GbE mai riƙe da lambar MAC, wato lambar shaida ta katin intanet na waya, sai kashin ME na wata ƙaramar furosesa da ke cikin cifset, sannan kashin BIOS kanta. A kashin BIOS ɗin ne galibi lambar siriyal ta na'urar take, da lasisin Windows tun daga Windows 8. Shi ya sa fayil ɗin da aka sauko da shi daga shafin kamfani, ko wanda aka kwafo daga wata na'ura iri ɗaya, ba ya maye gurbin kwafin da aka ciro daga na'urar da ake aiki a kanta. Kafin komai, wannan kwafin ake fara ciro, a adana shi wuri biyu.

Sauya saiti ba tare da taɓa manhajar ba

Wannan ce hanya mafi ƙarancin haɗari, kuma sau da yawa ta wadatar. Kowane zaɓi na BIOS, na fili da na ɓoye, yana da gurbinsa a ma'ajiyar saiti da ake kira NVRAM. An hana zaɓin fitowa a fuskar allo ne kawai da wani umarni mai suna SuppressIf, amma BIOS na ci gaba da karanta gurbin duk lokacin da na'ura ta tashi. Wanda ya san lambar gurbin zai iya rubuta abin da yake so a ciki.

Ana buɗe kwafin BIOS da manhajar UEFITool, a nemi sunan zaɓin, misali CFG Lock ko Overclocking Lock, a ciro sashen Setup da ya ƙunshe shi. Sai a ba IFRExtractor wannan sashe ya juya shi zuwa rubutun da mutum ke iya karantawa. A cikin rubutun, kowane zaɓi yana tare da abu uku: ma'ajiyar da yake ciki, lambar gurbinsa, da ƙimomin da yake karɓa, yawanci 0x0 a kashe, 0x1 a kunne. Daga nan a shirya kile USB da tsarin FAT32, a sa masa setup_var.efi ko RU.efi, ƙananan manhajojin da ke karanta gurbi su rubuta a ciki, a kashe Secure Boot, kariyar da ke hana baƙuwar manhaja tayar da na'ura, a tayar da na'ura daga kilen, a fara karanta gurbin a rubuta abin da aka tarar a takarda, sannan a sauya.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, kwafar lambar gurbi daga wani da ke da irin na'urar: lambobin na iya canzawa daga wannan fitowar BIOS zuwa ta gaba, sai mutum ya je buɗe makulli ya ɓige da kashe katin hoto, fuskar allo ta yi baƙi. Na biyu, rubutu a ma'ajiyar da ba ita ba. A na'urorin Intel na baya-bayan nan an rarraba saitin zuwa Setup, CpuSetup, SaSetup da PchSetup, kuma lamba ɗaya na nufin abu daban a kowace. Cire CR2032, ƙaramin batirin da ke kan allo, ba kullum yake gyara wannan ba, domin a allon UEFI saitin yana cikin pus ɗin ne.

Abin da ya fi amfanar mazaunin Yamai ko Tawa a wannan hanya shi ne rage volt ɗin furosesa. Bayan da aka bayyana raunin tsaro mai suna Plundervolt a Disamba 2019, kamfanoni da dama sun rufe wannan dama a sababbin BIOS ɗinsu. Mayar da Overclocking Lock zuwa 0x0 na iya sake buɗe ta, sai a yi amfani da manhajar ThrottleStop a rage kamar milivolt 50, a gwada, a ƙara ragewa kaɗan-kaɗan har na'ura ta fara daskarewa, sannan a koma baya mataki ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wannan ya fi ɗaga iyakar wutar furosesa hankali nesa ba kusa ba. Furosesar Intel tana rage gudu da kanta idan ta kusa digiri 100, don haka wanda ya ɗaga mata iyakar wat a ɗakin da ba kilima, fanka kuma cike da ƙurar hunturu, ƙarin zafi kawai ya saya.

Ƙara sashe ko cire shi

Wani lokaci abin da ake so ba ɓoye shi aka yi ba, babu shi ne gaba ɗaya a BIOS ɗin, alhali ƙarfen zai iya. Misali mafi shahara shi ne tayar da Windows daga diskin NVMe, wani nau'in SSD mai sauri, a kan allunan cifset H61, B75, Q77 da Z77, wato zamanin Dell OptiPlex 7010 da ire-irenta, waɗanda suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu a matsayin kayan hannu na biyu. Ramin PCIe ɗinsu yana ganin diskin ta hanyar adafta bayan Windows ta tashi, amma BIOS ba ta da direban da za ta karanta shi da shi tun farko. Maganin shi ne a saka mata sashen NvmExpressDxe, wanda ya samo asali daga buɗaɗɗen aikin EDK2.

Ana yin haka da UEFITool 0.28.0 ko MMTool ta AMI. Jerin UEFITool masu alamar NE karatu kawai suke yi, ba sa saka komai. A nemo kundin da direbobin BIOS, waɗanda ake kira DXE, suke, a saka sabon sashen bayan direba na ƙarshe. In wuri bai isa ba, akwai ƙaramin samfurin sashen, ko a cire direbobin tayarwa ta hanyar intanet in ba a bukatarsu. Bayan an adana, sai a buɗe tsohon fayil da sabon gefe da gefe: girmansu dole ya zama ɗaya har bait na ƙarshe, kuma guraben ciko da ake kira Pad-file kada wani ya ɓace ko ya ƙaru, domin wasu alluna ba sa tashi idan aka gusa su. Diskin kuma sai an raba shi da tsarin GPT, an girka Windows a yanayin UEFI. Sunansa ba lallai ya fito a jerin diskoki ba, Windows Boot Manager ne zai bayyana.

Ribar a takarda babba ce: SATA, tsohuwar hanyar haɗa diski, na tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, NVMe a kan layi huɗu na PCIe 3.0 na haura 3,000. A aikin Word da Excel kuwa, da wuya mai amfani ya ji bambancin, don haka SSD na SATA ya ishi yawancin mutane ba tare da an taɓa BIOS ba. Ga wanda ya riga ya mallaki NVMe kuma yana tsoron aikin, manhajar Clover a kan ƙaramin kile USB tana iya tayar da shi.

Da irin wannan dabara ake saka sashen ReBarUEFI don tsohon allo ya ba furosesa damar ganin dukan ƙwaƙwalwar katin hoto lokaci ɗaya, abin da katunan Intel Arc ke matuƙar bukata, da sharaɗin an kunna zaɓin Above 4G Decoding an kashe zaɓin CSM a saitin BIOS. Haka ake cire jerin katunan wifi da aka yarda da su a tsofaffin ThinkPad, wanda ke tsayar da na'ura da kuskure mai lamba 1802 idan aka sa baƙon kati. Haka kuma ake ƙara mikrokod, bayanan da BIOS ke loda wa furosesa, don allo mai soket LGA775 ya san furosesar Xeon ta soket LGA771, ko da yake wannan sai an haɗa da ƴar takardar da ke musanya ƙafafu biyu da yanke haƙoran roba na soket.

Mayar da fayil cikin allo

Manhajar sabunta BIOS ta kamfani za ta ƙi fayil ɗin da aka taɓa, saboda sa hannun sirri da ke kansa ya lalace. A kan Intel akan gwada FPT, manhajar Intel ta karanta pus da rubuta shi, wadda dole ta dace da zamanin ME na allon: fptw64 -bios -d kwafi.bin don cirowa, fptw64 -bios -f sabo.bin don rubutawa. Kuskure 280 ko 368 na nufin BIOS Lock, makullin da ke hana rubutu a kashin BIOS, yana kunne, kuma sau da yawa ana kashe shi ta hanyar NVRAM da aka bayyana a sama. OptiPlex na zamanin 7010 suna da jampa mai suna SERVICE_MODE da ke buɗe dukan pus ɗin. Rubutun ba ya wuce mintoci kaɗan, amma in aka ɗauke wuta a tsakiya, allon ba zai sake tashi da kansa ba. Kwamfutar tebur sai da ondula mai batiri lafiyayye, ta cinya kuma a cika ta da caji a bar caja a jiki.

Idan wannan ta ƙi, ko allo ya riga ya mutu, sai CH341A, ƴar na'urar USB mai karanta pus da rubuta shi kai tsaye, da ɗan awartakinta mai haƙora takwas. A cire caja, babban batiri da CR2032. Jar waya tana zuwa ƙafa ta 1, wadda ɗigo ke kusa da ita. Ƙafa ta 4 ƙasa ce, ta 8 wuta, don haka juya awartaki baibai na iya ƙona pus ɗin. CH341A mai baƙin allo tana da aibin da aka sani: tana ba pus volt 3.3 amma layukan bayanai na fitar da kusan volt 5. Ana gyara ta da ɗaga ƙafa ta 28 ta ƙwayar CH341A kanta a haɗa ta da fitar regileta mai volt 3.3 da kuma ƙafa ta 9, sannan a auna da mita. Pus mai volt 1.8 kuwa ba a taɓa shi sai da adaftarsa.

Ana karantawa da flashrom, AsProgrammer ko NeoProgrammer sau biyu ko uku, a kwatanta fayilolin da SHA-256, lissafin da ke nuna ko fayiloli daidai suke. In ba su zo daidai ba, ko fayil ya fito FF zalla ko 00 zalla, awartakin bai kama ba ne, kuma bai halatta a goge komai ba tukuna. Wasu alluna suna shanye ƴar wutar da CH341A ke bayarwa, sai an ciro pus ɗin da iska mai zafi a karanta shi a waje.

Inda aikin ke tsayawa

Daga zamanin Haswell na 2013, Intel ta kawo wata kariya mai suna Boot Guard. Kamfanin da ya ƙera na'ura yana ƙona shaidar makullinsa cikin cifset, ƙonawar da ba ta gogewa, kuma furosesa tana duba sashen farko na BIOS da ita kafin ta bar shi ya yi aiki. Idan aka taɓa abin da kariyar ta rufe, na'ura ba ta tashi, ko da an rubuta fayil ɗin daidai da CH341A. Kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo na bayan wannan lokaci galibi suna da shi, allunan da ake saye daban a haɗa kuwa galibi ba su da shi. Manhajar MEInfo tana nuna ko kariyar na aiki, wato ko Verified Boot na kunne a ƙarƙashin FPF, UEFITool NE kuma tana yi wa sassan da aka kare launi. HP ta ƙara nata tsarin, Sure Start, da ke mayar da BIOS ta asali da kansa idan ya ga an canza ta. A irin waɗannan na'urori, sauya saitin NVRAM ne kaɗai ya rage.

Alamomin ɓarna suna nuna inda aka yi ta. Fanka na juyawa ba hoto: kashin BIOS ne, a mayar da kwafin asali. Na'ura na mutuwa da kanta bayan minti 30 daidai: kashin ME ne ya lalace. Katin intanet na waya ya daina samun adireshi ko MAC ɗinsa ya koma wata baƙuwar lamba: an rubuta kashin GbE na wani. Idan diskin yana rufe da BitLocker, makullin diski na Windows, duk wani canji a BIOS na iya sa Windows ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, don haka ana dakatar da BitLocker kafin a fara, a kuma tabbatar mai na'urar yana riƙe da mabuɗin a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba.