Me Ya Sa Hoton Shirinmu Ba Ya Fitowa Tas?

Wace kyamara zan saya hotona ya yi kyau?

Sayi fitila tukuna. Ƙaramar kyamara da haske mai kyau ta fi babbar kyamara mai tsada irin Sony FX6 a ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya a rufi.

Dole ne sai 4K, wato hoto mai ɗigo-ɗigo masu yawa sosai?

A'a. 1080, wanda bai kai 4K yawan ɗigo ba, in mai tsabta ne ya ishi talabijin da YouTube. Masu kallonku da yawa ma a waya suke kallo, suna tattalin data.

Me ke sa ratsi ya riƙa hawa da sauka a hoto in an kunna fitila?

Wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa; in saurin kyamara bai dace da ita ba, ratsi ya fito. Sa kyamara a firem 25 (hotuna 25 a daƙiƙa), shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Sau da yawa kyamarar daga Amurka aka kawo ta, tana kan firem 30 da shota 1/60, kuma babu wanda ya buɗe saitinta ya duba. Haba malam, aikin minti ɗaya! In janareta ne, cire firji da dutsen guga daga layinsa, don gudunsa kan yi tangaɗi in kaya sun yi masa yawa.

Jarumi baƙi ne, sanye da farar shadda, a tsakar rana. Yaya za a yi?

To, nan ne gizo ke saƙa, kuma babu amsa ɗaya. In ka buɗe don fuska ta fito, shadda ta ƙone fari fat, aikin wuyan rigar ya ɓace. In ka rage don shadda, fuskar ta nutse, ga inuwar hula ta rufe idanu. Abu mafi sauƙi shi ne a canza lokaci: kafin ƙarfe goma na safe ko bayan la'asar. In furodusa ya ce lokeshan na yini ɗaya ne, a koma inuwar bishiya ko ta zaure, amma a lura, dalbejiya kan zubo ɗigo-ɗigon rana a fuska. In dole sai fili, sa rana a bayan jarumin, ka ɗaura gilashin ND, mai duhu, a gaban kyamara don rage haske, yaro ya riƙe farin kwali mai faɗi kamar mita ɗaya daga fuskar, ɗan ƙasa da ƙirji, don ya maido haske fuskar. Kwali mai ruwan azurfa ya fi ƙarfi, sai dai yakan sa ɗan wasa runtse ido, ya kuma fito da maiƙon goshi. Wasu za su ce a ɗauka da S-Log, saitin da ke adana haske da inuwa a dusasshen hoto, a gyara wajen tacewa. Yana yi, in kyamarar tana ɗaukar bit 10, wato kala mai matakai da yawa, kuma editan ya san gyaran kala. In bit 8 ce, fatar kan iya dagulewa. Ni dai na fi son a roƙi mai kula da sutura ya kawo shadda ruwan madara ko ruwan toka. Ba kullum darakta yake yarda ba, musamman in fitowar ango ce.

Fuska ja a wannan kusurwa, shuɗiya a waccan. Laifin edita ne?

Laifinka ne. Ka bar daidaita fari, saitin da ke nuna wa kyamara mene ne fari, a otomatik. Sa shi da hannu bisa launin hasken: hasken rana 5600K, fitila mai ruwan ɗorawa 3200K. In kyamara biyu ce, nuna musu farar takarda ɗaya a gaban fuskar ɗan wasan kafin a fara.

Shirin gaskiya nake yi, hira da dattijo a ƙauye, ba ni da fitila.

Kwantar da hankalinka. Zaunar da shi kusa da ƙofa ko taga, hasken ya zo masa ta gefe, ka janye shi mita biyu daga bango. Kyamara a kan ƙafarta, daidai tsayin idonsa. Kada ka tsaya ka ɗauko babba daga sama. In lokacin hunturu ne, hazo zai dusashe duk abin da ke nesa, don haka ka matso kusa, ka riƙa goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka.

Jirgi maras matuƙi fa?

Ya isa haka. Ba kowace fitowa ce take buƙatar saman gari ba.