Afatait Mai Ruwan Ɗorawa

Afatait mai ruwan ɗorawa dutsen ado ne daga dangin ma'adinan da ake kira afatait, waɗanda asalinsu haɗin kalsiyam ne da fosfet. Launinsa kan kama daga rawaya mai haske kamar tatacciyar zuma har zuwa rawaya mai sirkin kore. Idan aka yanka shi aka goge yana ƙyalli kamar gilashi, mai kyansa kuma garau yake, haske na ratsa shi. Sai dai bai da tauri in aka gwada shi da yaƙutu ko daimon, kuma wannan rashin taurin ne ke tafiyar da komai game da sayensa da riƙonsa.

Suna da dangi

Masanin duwatsu ɗan ƙasar Jamus, Abraham Gottlob Werner, shi ya raɗa masa wannan suna a 1786, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar yaudara. Dalili kuwa, an daɗe ana ɗaukar sa a matsayin wasu duwatsun daban saboda yawan launukansa: akwai shuɗi, akwai kore, akwai ruwan hoda, akwai wanda ba shi da launi sam. Dangin sun kasu uku gwargwadon sinadarin da ya rinjaya a ciki, ko fulorin, ko kulorin, ko haidiroksil. Mafi yawan waɗanda ake yankawa don ado na fulorin ne. A cikin ƙasa yakan fito a dunƙule mai gefe shida, kamar guntun fensir.

Ko wanda bai taɓa jin sunansa ba yana yawo da ɗan'uwansa a baki, domin farin rufin haƙori da ƙarfin ƙashi daga afatait mai haidiroksil suke. Manomin garin Giwa ko Soba da ke kusa da Zariya ma ya san shi ta wata fuskar. Takin sufa da ake zuba wa gyaɗa da masara daga dutsen fosfet ake yin sa, wanda yawancinsa afatait ne, ta hanyar jiƙa shi da asid, dabarar da John Bennet Lawes ya yi wa rajista a Ingila a 1842. Maroko ce ke da mafi yawan ajiyar wannan dutse a duniya, akwai shi kuma a yankin Sakkwato. Amma na taki gari-gari ne mara fasali. Na ado shi ne ɗan ƙalilan ɗin da ya fito garau.

Inda ake haƙo shi

Wurin da ya fi suna da mai ruwan ɗorawa shi ne Cerro de Mercado, wani tsauni mai taman ƙarfe a gefen birnin Durango na ƙasar Meksiko. Ƙarfe aka daɗe ana nema a can, afatait ɗin tsintuwa ce a cikin ramukan taman. Duwatsun Durango sun yi fice har wajen masu bincike: shekarunsu kimanin miliyan 31, kuma ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama na amfani da su a matsayin ma'aunin da ake daidaita na'urorin gano shekarun duwatsu. Akwai kuma mai rawaya da sirkin kore daga Jumilla a lardin Murcia na Sifen. Brazil, Madagaska, Myanmar, Siri Lanka da Kanada duk suna fitar da afatait na ado, kodayake Madagaska ta fi shahara da shuɗin.

Tauri

A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa goma, afatait ne aka kafa a hawa na 5. Kwaz, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, yana 7, tofaz 8, yaƙutu 9, daimon 10. Gilashin taga da bakin wuƙar ƙarfe suna wajen 5 da rabi, wato dukansu za su iya karce shi.

Lambar da ta fi muhimmanci a nan ita ce 7. Yashi da ƙura cike suke da ɓarɓashin kwaz, don haka duk dutsen da bai kai 7 ba, ƙura ma kaɗai tana cin sa a hankali. A gari irin Zariya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, tana shiga har cikin durowa da akwatin kayan ado. Mace ta ɗauki ɗan kunne ta ga ya yi ƙura, ta goge da bakin mayafi, ba ta san ta yi masa aikin sanfefa ba. Sau ɗaya ba a ganin komai. Bayan hunturu biyu ko uku sai a tarar gefunan yankan sun dakushe, ƙyallin ya dushe, a ce ai dutsen jabu ne, alhali riƙo ne ya kashe shi.

Saye

Mai saye na fuskantar ruɗani ta fuska biyu. Ana iya sayar masa da gilashi mai launi da sunan afatait, ana kuma iya sayar masa da afatait da sunan dutsen da ya fi shi tsada da tauri, kamar tofaz, ko rawayan beril, ko rawayan yaƙutu. Na biyun ya fi ciwo. Ido kaɗai ba ya raba su, musamman a hoton waya, inda yawancin cinikin duwatsu ke gudana yanzu.

Abin da ke raba gardama awo ne. Nauyin afatait ya ninka na ruwa kusan sau 3.2, sitirin kuwa, wato rawayan kwaz, 2.65 ne, tofaz kuma wajen 3.5. Ƙarfin karya haskensa, wato yadda yake lanƙwasa hasken da ya ratsa shi, yana tsakanin 1.63 da 1.64, wanda ya yi kusa da na tofaz da na wani dutsen ado mai suna tomalin, shi ya sa awo ɗaya ba ya wadatarwa. Rawayan afatait yana da wata shaida tasa: idan aka duba shi da na'urar rarraba haske ana ganin siraran layuka baƙaƙe a jere a ɓangaren rawaya da kore, saboda ɓurɓushin sinadaran niyodimiyam da firasiyodimiyam da ke cikinsa. Gilashi kuma kan tona kansa da ƙananan kumfa zagayayyu idan aka sa madubin da ke ƙara girma sau goma. A Zariya, masu ilimin irin wannan awo suna sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. 'Yan kasuwar duwatsu na gargajiya kuwa sun fi yawa a Jos. Gwajin karcewa da wuƙa, wanda dillalai ke so, a kan ɗanyen dutse kaɗai ya dace. A kan gogagge ɓarna ce.

Da karat ake sayar da shi, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin biyar ne na giram. Abin dubawa shi ne tsabtar ciki, rashin tsaga, zurfin launi, da kaifin gefuna. Dutsen da gefunansa suka riga suka ɓantale a hannun mai sayarwa ya sha yawo a leda tare da wasu. Launin rawayan galibi na halitta ne, saɓanin shuɗi mai walƙiya da ake yawan samarwa ta hanyar gasawa. Tun da afatait ba ya cikin duwatsu masu tsada sosai, farashi mai tsauri abin tuhuma ne, ba alamar inganci ba.

Wurin da za a ɗaura shi ma na cikin shawarar saye. A ɗan kunne, abin wuya ko fil ɗin mayafi yana daɗewa. A zoben azurfa na kullum, wanda zai sha alwala sau biyar, da sitiyari, da musabaha, ba ya kai labari. Wanda ya nace sai zobe, gara maƙerin fari ya kewaye dutsen da bakin ƙarfe gaba ɗaya maimakon 'yan farata huɗu.

Kulawa

Asid na narkar da afatait. Ai da haka ake mayar da shi taki. Ruwan lemun tsami, tsamiya, binega da magungunan wanke banɗaki duk suna iya cinye sheƙin fuskarsa, kamar yadda tsami ke cin haƙori. Don haka a cire shi kafin girki da wanki. Turare da man shafawa a riga sa su, ado ya zo ƙarshe. Zafi kwatsam na tsaga shi, kada a bari maƙeri ya kusanta wuta da shi wajen gyaran zobe sai an cire dutsen, kada kuma a sa shi a injin wanke ado mai girgiza ko mai tururi.

Wankinsa ruwa ne mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi. A fara ɗauraye ƙurar ta tafi da kanta, sannan a shafa da yatsa ko tattausan ƙyalle, a tsane. Wajen ajiya, kowane guda a naɗe shi shi kaɗai cikin auduga ko 'yar jakar yadi, a sa a akwati mai murfi, nesa da duwatsun da suka fi shi tauri da makullai. Wanda ya riga ya dushe mai yankan duwatsu na iya sake goge shi, amma kowace guga na rage masa nauyi.