Filin Fock da folinomiyal ɗin Hermite: amsa ɗaya ga 'yan aji huɗu, don Allah ku daina turo mani ita da dare

Malam, Bergman da Bargmann mutum ɗaya ne?

A'a. Stefan Bergman daban, Valentine Bargmann daban. Filin Bergman (fili a nan tarin fankshin ake nufi) na fankshin analitik ne, wato masu difarenshiyeshan a lambobin kwamfiles z, cikin da'ira, na Bargmann, wanda ake ce ma filin Fock, duk farfajiyar z yake ci da nauyin e^(−|z|²).

To ina ruwan Hermite a ciki?

Ai nan maganar take. A 1961 Bargmann ya gina tiransfom mai ɗauko fankshin daga L² na layi (fankshin da intigiral ɗin murabba'insu ke da iyaka) ya kai shi filin Fock ba tare da nom, wato girman fankshin, ya canja ba, kuma fankshin Hermite na n, wato folinomiyal ɗin Hermite na n sau e^(−x²/2) da aka daidaita nom ɗinsa ya zama 1, yana komawa z^n/√n! kawai. Wahalar intigiral ta zama lissafin 'yan sakandare.

Amsata ba ta yi daidai da ta littafi ba, ni na yi kuskure?

Wataƙila, amma kafin ka yaga takardar ka duba wane Hermite littafin ke nufi, don iri biyu ne, na 'yan fiziks nauyinsa e^(−x²) kuma H₂ = 4x² − 2, na masu furobabiliti nauyinsa e^(−x²/2) kuma nasu H₂ ɗin x² − 1 ne. Sannan shi kansa filin Fock wasu na sa e^(−π|z|²), to a nan murabba'in nom na z^n ya zama n!/π^n maimakon n!. Kamar tiya ne, ta kasuwar Katsina da ta Mai'adua ba lallai su zo ɗaya ba, hatsin dai shi ne. In bambancin naka √2 ne ko π ko 2^n, galibi ma'auni ne, kwantar da hankalinka. In kuwa alama ce ta juye ko n ta zama n+1, to ban ba ka tabbas ba, sai ka gwada n = 0 da n = 1 da hannu ka gani. Kuma kar ka kwaso fomula daga littafi biyu ka haɗa a furojet ɗaya, yawancin masu zuwa mani da kuka abin da suka yi ke nan.

Folinomiyal ɗin Laguerre fa?

Su tiransfom ɗin Laplace ake yi wa. e^(−x/2)Lₙ(x), inda Lₙ shi ne Laguerre na n, yana komawa (s − ½)^n/(s + ½)^(n+1), cikin filin Hardy, wani filin fankshin analitik ne na rabin farfajiya. Lissafa da kanka, layi huɗu ne.

Sai na haddace duka?

Nauyi da iyaka kaɗai: Hermite duk layi, Laguerre 0 zuwa ∞, Jacobi −1 zuwa 1. Legendre da Chebyshev 'ya'yan Jacobi ne, kar wanda ya sake tambayata su daban.