Aman Mota ga Ƙananan Yara: Gyara Ya Fara Tun Daga Tasha

Da zarar Sallah ta ƙarato ko an shiga kakar bukukuwa, akwai tambayar da ba ta yanke mana a ranar rigakafi a nan Bauchi: "Malama, yaron nan da mun hau mota sai amai. Ba wani magani da zan ɗura masa ya yi barci har mu isa?" Ni dai nakan ce a ajiye batun magani tukuna, a fara da wurin zama da abin da zai ci.

Aman mota ba ciwon ciki ba ne, ba iska ba ce, ba kuma baki ba. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki yana motsi. To yaron da ya nutse a kan cinya ba ya ganin komai sai bayan kujerar gabansa. Idonsa na cewa a tsaye ake, kunnensa na cewa ana ta gudu ana shan kwana. Wannan saɓanin shi ke tayar da zuciya. Aman mota ba kasafai yake kama jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 ba, ya fi yawa daga shekara 2 zuwa 12, kuma yawanci yana raguwa da girma. Yana bin jini ma, don sau da yawa in an tambaya sai uwar ta yi dariya ta ce ita ma haka take.

Ɗauki misalin uwa mai tafiya Gombe daga tashar Muda Lawal, tafiyar kusan kilomita 150 ta Alkaleri. Ta zo a makare, sai kujerar ƙarshe ta Sharon ta rage, inda kowane rami ke ɗaga mutum sama. An rufe gilasai saboda ƙura, ga warin fetur, ga turaren fasinjoji. Sai ta rungume yaron, fuskarsa a ƙirjinta, ta ja hijabi ta lulluɓe shi don kada iska ta buge shi. Da kyakkyawar niyya ta yi, amma ta haɗa masa zafi da rashin iska da rashin ganin hanya gaba ɗaya. Da wuya a kai gadar Dindima bai amayar ba.

Saboda haka ki yi sammako ki samu layin tsakiya. Ki zaunar da shi yana fuskantar gaba, kansa a jingine a jikinki don kada ya riƙa rangaji, ki nuna masa dutse ko bishiya mai nisa ta gilashin gaba. Ki roƙi na kusa da taga ya sauke gilas ko da ɗan kaɗan. Kujerar gaba kuwa ba ta yaro ba ce, ko da direba ya yi miki tayi, domin in aka taka birki da ƙarfi hannunki ba zai riƙe shi ba. Masu motar gida su nemi kujerar yara mai ɗauri su kafa ta a baya.

Sai waya. Yanzu da yaro ya fara rigima sai a kunna masa katun a miƙa masa, alhali ƙura wa allo ido a cikin mota mai tafiya yana cikin abubuwan da suka fi saurin jawo aman. Gara waƙa ko tatsuniya.

Kada a fita da shi da yunwa, kada kuma a cika masa ciki. Ɗan koko, biredi ko biskit marar maiƙo kafin a tashi ya isa. Masa da miya, ƙosai, awara da tsire su jira a sauka. Ruwa kurɓi-kurɓi, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi.

Ɗan shekara biyu ba zai ce miki zuciyarsa na tashi ba. Za ki ga ya yi shiru, yana ta hamma, yawu na zuba, goshi ya yi gumi mai sanyi, ya ture abin da yake ci. Nan ne wurin cewa, "Direba, don Allah ɗan tsaya mana." In ya sauka ya sha iska na 'yan mintoci yakan warware. In aman ya riga ki, ki sunkuyar da shi gaba ko ki juya shi gefe, kada ya kwanta rigingine ya shaƙe. Leda, tsumma da kayan canji su kasance a jakar hannu, don ba amfanin su in suna cikin but ƙarƙashin buhuna. Ledar kuma ke za ki riƙe, ba shi ba.

Maganin sa barcin nan da ake saya a kemis, promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba ko kaɗan, domin yana iya danne numfashi har ya kai ga rasa rai. Abin tsoron shi ne uwa na ganin barci yake yi, ga shi a lulluɓe, ba mai duba ƙirjinsa. Wanda ya haura 2 ma sai ma'aikacin lafiya ya duba shi ya faɗi adadin. Kada a ɓantaro masa ƙwayar manya, kuma kada a bari a yi masa allurar tsayar da amai a tasha.

Aman mota yana lafawa bayan mota ta tsaya. Idan an sauka yaro ya ci gaba da amai, ko akwai zazzaɓi, gudawa, idanu sun faɗa, ya ƙi nono, ya galabaita, wuya ya sanƙare ko ya yi jijjiga, to wannan ba mota ba ce. A nufi asibiti mafi kusa a garin da aka sauka, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba sai an dawo gida ba. Kafin a isa, a zuba ƙunshi ɗaya na ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a ruwa mai tsabta lita 1, a riƙa ba shi cokali-cokali. In ya amayar a dakata minti 10, sannan a ci gaba a hankali.