Me ake nufi da "horar da iyaye"?

Uwa ta kai ɗanta mai shekara 4 wurin ma'aikatan lafiya saboda ƙiriniya: yana dukan ƙanwarsa, yana birgima in an hana shi abu, ba ya jin bari. Sai aka ce ita ce za ta riƙa zuwa zama duk mako. Dole ranta ya sosu, don gani take an ce ta kasa tarbiyya. Wannan zaman shi ake kira horar da iyaye, kuma ba tuhuma ba ce.

Tsari ne na makonni 8 zuwa 20, ga masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 8 galibi. Ana nuna musu yadda za su amsa halin yaro, su gwada a gaban mai koyarwa, su je gida su yi, su dawo su faɗi yadda ta kaya.

Dalilin da ya sa ake kiran babba a bar yaro ya samo asali ne daga aikin Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan Adam, a jihar Oregon ta Amurka. Tun shekarun 1960 shi da abokan aikinsa suke shiga gidaje suna rubuta abin da ke gudana tsakanin iyaye da 'ya'ya daki-daki. Abin da suka gano duk mai ɗa ya san shi. "Umma, saya min alewa." "Ba yau ba." Sai kuka, sai tsawa, sai birgima a gaban mai shago, jama'a na kallo. "Ungo, ka yi min shiru!" Yaro ya koyi cewa ihu na biya. Uwa ta koyi cewa ba da kai na kawo sauƙi. Ran da kuma mari ya kashe kukan, ta koyi cewa mari na aiki, gobe sai hannun ya ƙara nauyi. Kowa na horar da ɗan'uwansa ba tare da ya sani ba, kuma babba ne kaɗai zai iya fara warware ƙullin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba da hukunci ake farawa ba. A tsarin da Sheila Eyberg, wata masaniyar halayyar yara a Amurka, ta kafa a shekarun 1970, aikin farko minti 5 ne kullum na wasa da yaro, shi ke jan ragama, ba umarni ba tambaya. A ranar zama kuma, mai koyarwa na bayan gilashi tana raɗa wa uwa ta 'yar na'ura a kunne. Ana koyon yabo mai faɗin dalili: "Allah ya yi maka albarka da ka ba ƙanwarka ta ɗana." Sai daga baya a zo kan umarni guda, gajere: "Ajiye takalminka bayan ƙofa," maimakon "Ka daina rashin ji." Ƙananan ƙunƙuni a kau da kai. Duka ko cizo kuwa, a zaunar da shi gefe na 'yan mintuna, ba zagi.

A kwanakin farko rigimar kan ƙaru, domin yaro na gwada tsohon makaminsa da ƙarfi. A nan mutane da yawa ke karaya, alhali alama ce ya lura an canza.

Tsare-tsaren horar da iyaye irin su Triple P na Ostareliya da Incredible Years na Amurka duk a kan wannan tushe suke, haka wani tsari mai araha da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa hannu da jami'o'i aka gwada a Afirka ta Kudu.

A gidan yawa irin namu, uwa ita kaɗai ba ta isa ba. In ta ce a'a, kaka ta kira shi, "Zo nan, maigidana," ta kwance bakin zani ta miƙa masa alewar, aikin mako guda ya rushe. Shi ya sa nake ganin ranar zaman farko a tafi da uba da kaka, har da yayar da ke goya shi.