Wai mene ne farin ciki, kuma me ya sa na kowa daban?

Shi farin cikin nan abu guda ne ga kowa?

A'a wallahi. Ka zaga Damagaram daga Birni har Zango kana tambaya, za ka ga kusan kowa abin da ya fi matsa masa shi yake kira. Matar da pampon unguwarsu ya daɗe bai kawo ba, ga zafin Afrilu, in ta ji bututu ya fara tari cikin dare sai ta tashi yara, kowa da bidonsa da bokitinsa, ana tara ruwa ana dariya cikin duhu don gobe ba sai an biya ɗan garuwa ba. Manomin Mirriya nasa hatsi ya cika rumbu ya kai shi wata damina. Ɗan lakol kuma ya ji an kira sunansa ranar sakamakon Bak, jarrabawar gama sakandare. Tsohuwar da ɗanta ya tafi Libiya ba ta neman komai sai salula ta yi ƙara ta ji muryarsa.

To kuɗi fa, suna kawo shi ko ba sa kawowa?

Nan ne mutane ke son yin ƙarya. Suna kawowa mana! Wanda ya fita da safe bai bar kuɗin cefane ba, ko yaro na kwance da zazzaɓi an rubuta magani na jikka biyar babu ko dala a aljihu, ka je ka ce masa kuɗi ba komai ba ne ka ga kallon da zai maka. Abin da masu bincike suka lura da shi dai, jikka goma a hannun talaka tana sauya rayuwarsa sosai, a hannun Alhajin da ke da shaguna a kasuwar Dole kuwa ko ji ba zai yi ba. Kuɗi sun fi iya cire damuwa, ci da magani da haya da bashi, bayan nan ƙarfinsu sai ya riƙa raguwa.

Amma ai malamai na cewa wadatar zuci ce wadata?

Gaskiya ne, hadisi ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sai dai a haɗa da wanda ke cikin Tirmizi, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Ka ga har abinci an ambata. Shi ya sa ni dai ba na jin daɗin mai ƙoshi ya tsaya yana yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri hannu rabbana.

Ana iya auna shi kuwa?

Ana gwadawa. Tun 2012 ake fitar da rahoton farin ciki na duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 20 ga Maris a matsayin ranar farin ciki. Ana ce wa mutum ya ɗauka rayuwa tsani ce daga 0 zuwa 10, a wane mataki yake. Finland ce ke zuwa ta ɗaya tun 2018, Nijar kuwa tana can ƙasa-ƙasa. Amma fa tambayar yadda kake ganin rayuwarka aka yi, ba sau nawa ka yi dariya ba, in da raha ake aunawa ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarki da lissafin ya canza.

Me ya sa in mutum ya samu abin da yake nema murnar ba ta daɗewa?

Sabo. Ɗan kabu-kabu ya gama biyan babur ɗinsa, kullum yana goge shi, kafin a jima ya zama abin hawa kawai, ido ya koma kan mota. Sai kuma Facebook da TikTok suka ƙara, kana kallon bikin wani a Yamai ko Kano, ba ka ga bashin da aka ci ba.

Zaman fada, wato majalisar abokai, da shan shayi yana cikin farin ciki ko ɓata lokaci ne?

Duka biyun yana iya zama. Akwai binciken jami'ar Harvard a Amurka da aka fara tun 1938 ana bin rayuwar mutane har tsufa, babban abin da suka gano shi ne masu kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi lafiya da jin daɗi. Mu nan wannan muna da shi, in an yi maka haihuwa ko rasuwa 'yan fadarku ne ke shimfiɗa tabarmi. Amma saurayi mai diflom da ba aiki yana iya fi kowa ƙyaƙyata dariya a kan tabarma alhali ciki na cinsa, kar dariyar ta ruɗe ka.

In mutum ya rasa shi gaba ɗaya fa?

Ɓacin rai na kwana biyu kowa na yi. Amma in ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, abin da kake so da ma ya fita ranka, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. A yi addu'a, a gaya wa wani na kusa, sannan a je asibiti a ga likita.